In Babur Ya Ƙi Tashi a Ƙasar Katagum

Tsakanin Azare da tsohon garin Katagum akwai tazarar kimanin kilomita 70. Can tsohon garin ne Malam Ibrahim Zaki ya kafa masarautar a zamanin jihadi, kuma can sarauta ta zauna har shekarar 1916 da aka dawo da fadar Sarki Azare. Tun daga lokacin al'amura suka juyo kudu. Babban asibiti yana Azare, haka kwalejin horon malamai, da manyan 'yan kasuwa, da masu sayar da kayan gyara. Saboda haka mutumin Katagum, ko na Gamawa, ko na ƙauyukan da ke bakin kogin Jama'are, ba ya rabuwa da hanyar Azare, kuma abin da ya fi ɗaukarsa a kan wannan hanya shi ne babur. Da shi ake kai buhun gero kasuwa, da shi malamin makaranta ke zuwa aiki, da shi kuma ake ɗauko mai naƙuda da tsakar dare daga ƙauyen da mota ba ta shiga. Ke nan in babur ya ƙi tashi a irin wannan wuri, maganar ta wuce ta ɓacin rai kawai. Wani lokaci abincin yini ne ya tafi, wani lokaci kuwa rai ne ke jira.

Abin da aka saba gani sananne ne. Mai babur zai yi ta buga kiki har gumi ya jiƙa masa riga, ya sa yara su tura shi, abin ya faskara, sa'an nan ya ja shi zuwa rumfar bakanike. Da isarsa sai a ce fulogi ne, ya sayo sabo, a ɗaura, shiru. A ce to koyil ne, ya sayo. A ce kafireta ce ta gaji. Kafin la'asar ya kashe abin da zai ci da iyalinsa mako guda, alhali kuwa mai yiwuwa cokali biyu ne na ruwa suka kwanta a gindin kafiretar, waɗanda kwance ƙusa ɗaya ya isa ya zubar da su. Yawancin kuɗin da ke salwanta a wajen gyaran babur ba lalacewar inji ke cinye su ba, cankar da ake yi ce.

Injin kuwa ba aljani ba ne. Irin wanda ke jikin Boxer da Jincheng da Haojue da sauran 'yan'uwansu yana bin tsarin da wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ya daidaita tun 1876, watau fistin ya sauka ya zuƙo mai da iska, ya hau ya matse su, wuta ta tashi daga bakin fulogi ta ƙone su, ƙarfin ƙunar ya tura fistin ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya kore hayaƙi. Mai, da iska, da wuta a daidai lokacinta, da matsi: duk injin da ya sami waɗannan huɗu tilas ya tashi, wanda ya ƙi kuwa lalle ya rasa ɗaya daga cikinsu. Aikin mai bincike shi ne ya gano wanne ne, kuma hankali ya nuna a fara da abin da dubansa ba ya cin ko kwabo, a bar mai tsada sai ƙarshe.

Kafin ma a taɓa sifana, gwanin bakanike tambaya yake fara yi, kamar yadda likita ke yi wa majiyyaci. "Malam, yaushe rabonka da hawansa? A ina ka sha mai na ƙarshe? Yana tafiya ya mutu, ko kwana ya yi ya ƙi tashi da safe? Da zai mutu shaƙewa ya yi ta yi, ko kuwa ɗif ya ɗauke?" Waɗannan tambayoyi ba surutu ba ne. Babur ɗin da ya yi ta fizga yana shaƙewa kafin ya mutu, galibi mai ne ya yanke masa. Wanda ya ɗauke farat ɗaya kamar an murɗa makulli, a nemi laifinsa wajen wuta. Wanda ya daɗe yana wahalar tashi da safe, kullum abin na ƙaruwa, yana ba da labarin bawul ne ko ringi. Wanda kuwa aka wanke shi jiya da yamma, ko ya kwana cikin ruwan sama, ya riga ya faɗi ciwonsa da bakinsa.

Sai a fara da mai, domin nan ne laifi ya fi yawa, nan ne kuma aka fi jin kunyar dubawa. Mutum ba ya son a ce ya turo babur daga bakin kasuwa har rumfa don kawai makullin man da ke ƙarƙashin tanki yana rufe, amma hakan na faruwa kullum. Girgiza tanki a ji motsin mai bai isa shaida ba, gama bututun da mai ke bi ya ɗan ɗago sama daga gindin tankin, ragowar da ke ƙasa ba ta fita sai an juya makullin zuwa rizab. Hanyar da ba ta ƙarya ita ce a zare robar da ke kai mai kafireta a ga ko yana zuba sosai. In ɗigowa yake yi, to ko ragar da ke tace shi ta toshe da tsatsa, ko kuma ɗan ramin da ke jikin murfin tanki ya cike da ƙura. Wannan rami mutane da yawa ba su san da shi ba. Ta nan iska ke shiga ta maye gurbin man da ya fita, in ya toshe sai mai ya tsaya cak, kamar yadda ruwa ke ƙin zuba daga butar da aka toshe wa baki. Alamarsa ita ce babur ya yi tafiya kaɗan ya mutu, a buɗe murfi a ji iska ta ja, a buga ya tashi.

In mai yana sauka, saura a san wane irin mai ne. A gindin kafireta akwai wata 'yar ƙusa ta zubar da abin da ya taru. A kwance ta a tari man a kwalba mai haske, a ɗaga a duba. Ruwa ya fi fetur nauyi, ba su kuma gauraya, saboda haka in akwai shi za a gan shi kwance a ƙasa kamar ƙwayar ido. Wannan ne ma dalilin da ya sa wani babur ɗin lafiyarsa lau sai ranar da aka juya shi rizab, domin ruwan da ya daɗe yana taruwa a gindin tanki a ranar yake samun hanya.

Ta ina ruwan ke shiga? Wani ta murfin da robarsa ta mutu, wani daga raɓar da ke taruwa cikin tankin da kullum rabinsa wofi ne, wani kuwa tare da man aka sayo shi. Da zarar an bar manyan garuruwa gidajen mai sai su yi ƙaranci, sai a koma ga 'yan bumburutu masu sayarwa a kwalba da galan a bakin hanya. Ba za a yi musu kuɗin goro ba, akwai masu amana da yawa a cikinsu, kuma ba don su ba da tafiya ta gagari mutanen karkara. Amma man da ya bi ta duro, ya bi ta jarka, ya bi ta mazurari a fili cikin iska da ƙura, da wuya ya isa tanki yadda ya fito. Tun kuma da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, har ta wuce 1,000 a 2024, sai mai babur ya koma shan rabin lita, rabin lita. Tankin da ba ya cika shi ya fi yin tsatsa, injin da kullum yana kan rizab kuwa shi ke shan dattin gindi. A da, lokacin da kananzir ya fi fetur araha, da shi marasa tsoron Allah ke yin algus, sai inji ya yi ta hayaƙi yana ƙin tashi da sanyin safiya. Yanzu da kananzir ɗin ya yi tsada wannan ya ragu. Kada kuma a ɗauka gurɓataccen mai sai a kwalba. A watan Fabrairu na 2022 kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya amsa cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam wanda sinadarin methanol ya yi masa yawa, aka janye shi daga kasuwa, ƙasa duka ta shiga layin mai. Ta manyan gidajen mai wannan ya bi.

Akwai kuma babur ɗin da aka jingine wata uku ko huɗu, mai shi ya tafi ci-rani. Man da aka bari a kafireta yakan bushe ya bar wani danƙo da ke toshe ƙananan ramukan jet, musamman ƙaramin da inji ke tashi da shi. Magani a wanke da sabon fetur a hura. Masu zura wayar ƙarfe su buɗa ramin suna yin gyaran gangar auzinawa ne, gama ramin da aka faɗaɗa ba ya komawa, babur kuwa ya dinga shan mai ke nan har ranar da za a canja jet ɗin.

Daga nan sai fulogi. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauke shi a matsayin mai laifi, alhali shaida ne, shi kaɗai ne ya ga abin da ke faruwa a cikin silinda. In an kwance shi bayan an yi ta bugu aka tarar bakinsa a bushe ƙayau, mai ba ya isowa. In a jiƙe yake yana warin fetur, mai ya iso har ya yi yawa, ko kuma babu wutar da za ta ƙone shi. Baki mai launin ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce. Baƙi mai gari kamar kunkunniya yana nufin mai ya rinjayi iska. Baƙi mai maiƙo yana nufin baƙin mai na haurowa ta gefen ringi, wannan kuwa labari ne marar daɗi. Fari fat yana nufin iska ta rinjayi mai, injin na ɗaukar zafi fiye da kima. Wanda ya jefar da tsohon fulogi bai dube shi ba ya kori mai shaida kafin a fara shari'a, sabon da ya ɗaura kuma ba zai daɗe ba zai koma kamar na farko.

Gwajin wuta ba wuya. A mayar da fulogin cikin hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji, a buɗe makulli a buga kiki, zai fi kyau a inuwa. Wuta shuɗiya mai ƙara "ƙyas" ita ake nema. Ja ko rawaya mai rauni tana iya bayyana a fili amma ta kasa tsallakawa a cikin matsi. Tazarar bakin fulogi a irin waɗannan ƙananan injuna ba ta wuce milimita 0.6 zuwa 0.8 ba. Sai dai a kiyaye abu biyu: a riƙe ta wajen roba, domin ƙarfin da ke bi ta nan ya haura bolt 10,000, sa'an nan a nisanta fulogin daga ramin da aka cire shi in injin ya sha mai da yawa, kada tururin da ke fitowa ya kama.

In babu wuta, ba nan take za a yanke wa koyil hukunci ba. A gwada da wani fulogin da aka tabbatar yana aiki, a cire hula a gwada bakin wayar kanta, a bi wayoyi a ga ko wata ta goge ta taɓa ƙarfe. A yawancin waɗannan babura makulli ba ba da wuta yake yi ba, kashe ta yake yi, ta hanyar haɗa wata waya da jikin babur. Don haka in ruwa ko datti ya shiga makullin, sai injin ya ɗauka a kashe yake ko da an buɗe. Zare wannan waya guda ɗaya ya isa ya wanke koyil da CDI daga zargi. Haka batun batir. Da yawa daga baburan nan wutar fulogi daga maganeto take fitowa kai tsaye, batir na fitila ne da oda da sitata, saboda haka mutuwarsa ba ta hana tashi da kiki. Amma akwai waɗanda akwatin wutarsu daga batir yake sha, su kam in batir ya mutu ko fis ya ƙone ko an kwana ana bugu ba za su motsa ba. Bakaniken da bai san wane iri ne a gabansa ba zai sa a sayi abin da ba a bukata. Akwai kuma ciwo mai wayo, na koyil ɗin da wayarsa ta fara tsinkewa a ciki: da sanyi ya ba da wuta, in ya ɗau zafi ya yanke, a zauna a gindin bishiya rabin sa'a a buga ya tashi. Mai irin wannan babur yakan isa rumfa da inji mai aiki lafiya, a yi masa kallon mai ƙorafin banza.

Dattawan kanikawa, waɗanda suka koyi aiki lokacin da kuɗin Udoji na 1975 suka cika gari da Honda da Suzuki da Yamaha da Vespa, sun taso ne da kontak. Shi kontak ana ganinsa da ido, a goge shi, a daidaita tazararsa, a ci gaba da tafiya. CDI kuwa akwati ne a rufe, ba a buɗe shi, ba a gyara shi, sai dai a canja. Ya fi kontak ƙarko nesa ba kusa ba, amma ya koya wa yaran yanzu wata ɗabi'a, ta cewa gyara shi ne cire wannan a sa wancan. Ga kuma jabun kaya da suka cika kasuwa, har da fulogi mai ɗauke da sunan manyan kamfanoni irin su NGK alhali ba su suka yi shi ba. Ke nan "sabo ne" ba hujja ba ce a kan cewa yana aiki.

Maganar iska a wannan yanki maganar hunturu ce. Inji yana son iska kimanin kashi 15 a kan kashi 1 na mai in an auna da nauyi, amma da sanyin Disamba da Janairu fetur ba ya saurin zama tururi, shi ya sa aka yi cok, don ya rage iskar na ɗan lokaci. A ja shi, a bar totur a rufe, a buga. Masu murɗa totur har ƙarshe da cok a jaye suna ɓata aikin cok ɗin ne, masu mantawa da shi a jaye bayan inji ya yi ɗumi kuwa su ke baƙanta fulogi. In inji ya riga ya sha mai ya ƙoshi, sai a mayar da cok, a buɗe totur gaba ɗaya, a yi ta bugu har ya kore abin da ya taru. Sa'an nan ga ƙura. Soson da ke tace iska yakan toshe cikin 'yan makonni a hanyoyin burji, babur ya shaƙe. Abin takaici, maganin da wasu ke yi shi ne su cire soson su yar, su ce ai ga shi ya buɗe. Lalle ya buɗe, amma ƙurar da ke shiga yanzu tana cin ringi da silinda kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Kamfanin Honda ya san wannan tun tuni. Da zai fito da CG125 a 1975, sai da ya aika ma'aikatansa suka ga yadda ake wahalar da babur a ƙasashe masu tasowa, sa'an nan ya yi masa soso wanda ake wankewa a shafa masa mai a mayar. Wankewar ce kawai ake ƙyashi.

Matsi shi ne na ƙarshe, shi ne kuma mai cin kuɗi. Ƙafa ma tana gane shi: kikin da ke sauka salalau ba tare da turjiya ba ya nuna matsi ya gudu. A toshe ramin fulogi da babban yatsa a buga, in injin lafiya yake zai ture yatsan da ƙarfi. Amma ko a nan akwai mai araha kafin mai tsada. Tazarar bawul siririya ce ƙwarai, ba ta kai kaurin takarda biyu ba, in ta rufe sai bawul ya kasa zama daidai, matsi ya tsere ta nan. Daidaita ta aikin 'yan mintoci ne. Kanikawa na ƙwarai sukan ɗiga baƙin mai kaɗan ta ramin fulogi su sake gwadawa: in matsi ya dawo, ringi ne suka cinye, in bai dawo ba, a nemi bawul ko gaskit. Wanda aka ce masa sai an sauke inji, ba a yi wannan gwaji a gabansa ba, yana da ikon ya nemi a yi.

To, me ya sa ake tsallake duk wannan a tafi ga canke? Ba duka laifin kanikawa ba ne. A al'adar da aka saba, ba a biyan bakanike ladan ganewa, sai ladan kwancewa. In ya yi minti 20 yana bincike ya gano ramin murfi ne ya toshe, ya sa allura ya buɗe, mai babur zai ce, "Haba Maigida, ai ba ka yi komai ba," ya miƙa masa abin da bai kai kuɗin shayi ba. In kuwa ya baje inji a ƙasa ya aika a sayo kaya, sai a biya ba gardama, har a gode. Mutumin da ke da yara biyar a rumfa da iyali a gida ba zai daɗe bai gane wanne ya fi masa ba. Masu babura da kansu suka koya wa kanikawa cewa sani ba ya kawo kuɗi. Ƙungiyoyin kanikawa da na masu haya a Azare da Misau da Jama'are suna iya zama su yanke ladan bincike daban, sananne ga kowa, tare da sharaɗin duk abin da aka cire a mayar wa mai shi, in kuma an ɗaura sabo ciwon bai tafi ba a mayar da tsohon. Mai babur zai ga kamar an ƙara masa kuɗi ne, har sai ya lissafa koyil nawa masu lafiya ya taɓa zubarwa.

Saura wuri guda inda bugun kikin kansa shi ne ɓarnar. Ƙasar Katagum ƙasar fadama ce, kogin Jama'are yakan cika ya malala, kamar yadda aka gani a ƙananan hukumomin Zaki da Gamawa a 2022, a damina ta 2024 kuma ruwa ya yanke babban titin Kano zuwa Maiduguri a cikin ƙaramar hukumar Katagum. A irin wannan lokaci masu babura kan kutsa cikin ruwa, injin ya mutu a tsakiya. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. In ya shiga silinda aka taka kiki da ƙarfi, ko aka tura a giya, sandar da ke riƙe da fistin tana iya lanƙwashewa, gyaran da bai wuce na sa'a guda ba ya zama na sauke inji. Abin yi shi ne a fito da babur tudu, a cire fulogi, a buga a hankali har ruwan ya gama fita ta ramin, a ɗaga gabansa salansa ta zubar da nata, a matse soso, a zubar da na gindin kafireta, a busar da hular fulogi. Sa'an nan a zaro ma'aunin baƙin mai a duba. In man ya koma fari-fari kamar an dama fura a ciki, ruwa ya kai gare shi, kuma ko injin ya tashi bai kamata a hau shi zuwa Azare ba sai an juye an zuba sabo.